Kafin Ka Yarda A Yi Wa Kwamfutarka Fomatin

 

Yau ba siyasa na zo muku da ita ba, ba kuma zancen kuɗin makaranta ba. Magana ce a kan wata jimla guda da ta ci wahalar ɗalibai da dama a garin nan, jimlar da kusan duk mai laftof ya taɓa ji daga bakin mai gyara: "Sai an yi fomatin." Ra'ayina shi ne, idan kwamfuta ta ƙi tashi bayan an sabunta manhajarta, galibi wannan hukunci garaje ne. Kuma mu masu kwamfutocin muna da kaso babba a cikin laifin, domin muna yawo da abu a jaka shekara uku, shekara huɗu, ba mu san ko ta ina ake buɗe ƙofarsa ta baya ba. Bari in fara da abin da ya same ni, don kada ka ce ina yi maka wa'azin abin da ban ɗanɗana ba.

Ni ɗan Ungogo ne, gidanmu gidan noma ne. Laftof ɗina tokumbo ce, Baba ya saya min ita ina aji biyu, bayan an sayar da wake. Batirinta ba ya riƙe wuta ko ta minti goma. Windows ta yi mata nauyi, sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba, shi ya sa wani abokina ɗan sashen kimiyyar kwamfuta ya sa min Ubuntu. Tun daga nan muka shirya da ita.

Kundina a kan yadda manoman yankinmu ke amfani da shirye-shiryen noma na rediyo ne. Na yi mako shida ina zagaye tsakanin Rangaza, Karo, Fanisau da Yadakunya, wani lokacin a mashin, wani lokacin a ƙafa ta cikin gonaki. Na naɗi hira da mutum 23 a wayata. Da yake wayar ba ta da wadataccen wuri, duk hirar da na yi sai in juye ta a laftof in goge ta wayar. Ka riƙe wannan, don nan ne wautata take. Ɗaya daga cikin dattawan da na yi hira da su ma Allah ya yi masa rasuwa bayan kaka. Muryarsa ta minti arba'in tana bayanin yadda ake gane ruwan shuka na gaskiya, a laftof ɗin nan kaɗai take.

Wani dare an kawo wuta bayan isha'i, na jona laftof ina gyara babi na uku, sai ga saƙo ya fito cewa akwai sabuntawa. Na danna amincewa ba tare da na karanta ba, kamar yadda kai ma ka saba. Tana cikin yi aka ɗauke wuta. Kafin in gama laluben fitila, laftof ta mutu. Na ce ba komai, gobe ma rana ce.

Da safe na kai ta shagon caji na kunna. Maimakon hoton da na saba gani, sai baƙin allo da fararen rubutu reras. A can ƙasa na ga an rubuta "Kernel panic", da wani layi mai cewa "Unable to mount root fs". Na kashe na kunna ya fi sau goma. Wallahi zufa ce ta karyo min alhali ana sanyi.

Na hau adaidaita sahu na shiga gari, na je wani shagon gyara. Mai shagon ya kunna, ya dubi allon bai fi daƙiƙa biyar ba, ya ce, "Wannan ai Linux ce. Sai an yi fomatin, a sa maka Windows ka huta."

Na ce, "Oga, kayana da ke ciki fa?"

Ya ce, "Kana da kwafi a wani wuri?"

Na ce babu.

Ya ce, "To sai haƙuri."

Ka san me ya cece ni? Ba wayo ba ne, ba ilimi ba ne. Kuɗin da ke aljihuna ne bai kai abin da ya yanka min ba. Na ce masa zan je in dawo. A hanya na kira abokin nan nawa, muryata har rawa take. Da na karanta masa abin da ke allon, sai ya kwashe da dariya. Ya ce in samu inda zan jona ta, in kunna, in riƙa taɓa maɓallin Esc tun kafin komai ya fito. Na yi. Sai ga wani ɗan jeri da ban taɓa gani ba. Ya ce in shiga inda aka rubuta "Advanced options for Ubuntu", in bar na saman, in zaɓi wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta. Na danna. Malam, sai ga kwamfutata ta buɗe garau, babi na uku yana nan, hirarrakina 23 suna nan, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Duka abin bai kai minti biyar ba.

Wata 'yar ajinmu ba ta yi irin sa'ata ba. Tata Windows ce, ta maƙale bayan sabuntawa, kuma ita da kuɗinta a jaka. Aka yi mata fomatin nan take. Babi huɗu da takardun tambayoyin da ta riga ta tattara sakamakonsu duk suka tafi. Da kuka ta sake farawa.

To me ya faru a cikin laftof ɗina? A tsakiyar kowace babbar manhaja, Windows ce ko Linux ko Android ɗin da ke wayarka, akwai wani ɓangare da ake kira kanel. Shi ne ke tsakanin manhajojin da kake gani da ƙarfen na'urar. Idan ka taɓa harafi, shi ke karɓa. Idan manhaja tana son wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, shi ke yanka mata. Idan za a karanta wani abu daga ma'ajiya, ta hannunsa za a bi. Kamar mai gida ne a gandu, wanda makullin rumbu da rabon aiki duk suna hannunsa. Idan wata ƙaramar manhaja ta rikice, rufe ta ake yi a ci gaba. Amma idan kanel ne ya rikice, babu na sama da shi da zai tsawata, sai komai ya tsaya cak. A Linux sai ka ga rubutun da na gani, a Windows kuma shi ne shuɗin allon nan da kowa ya sani.

A nawa lamarin, ana cikin girka sabon kanel wuta ta yanke, ba a gama haɗa wani ɗan ƙunshin fayiloli da yake buƙata don ya gane ma'ajiyar kwamfutar ba. Sai ya farka bai san hanyar rumbu ba. Amma hatsin yana nan. Wannan shi ne abin da nake so ka fahimta fiye da komai a rubutun nan: ƙin tashin kwamfuta daban, lalacewar kayanka daban. Makulli ne ya maƙale a ƙofa. Fomatin kuwa rushe ɗakin ne da kayan ciki don a gina sabo. Waɗanda suka tsara Ubuntu sun san irin haka na faruwa, shi ya sa idan sabon kanel ya zo ba sa goge na baya nan take, suna ajiye shi a gefe. Shi na zaɓa a jerin nan. Hausawa dai sun riga sun faɗa, da tsohuwar zuma ake magani.

Kada ka ɗauka wannan matsala ce ta talaka mai tokumbo da mataccen batir. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura wa abokan hulɗarsa wani ɗan fayil na sabuntawa. Manhajar kamfanin tana aiki ne a cikin kanel ɗin Windows, sai fayil ɗin ya zo da kuskure. Kwamfutoci suka fara nuna shuɗin allo, su mutu, su tashi, su sake mutuwa. Kamfanin ya janye fayil ɗin da ƙarfe 6:27, wato bayan minti 78, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Tashar Sky News ta Ingila ta ɗauke daga iska na wani lokaci. Likitoci a ƙananan asibitocin Ingila sun kasa buɗe bayanan marasa lafiya. Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashin jirage kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya kuma ce ya yi asarar kimanin dala miliyan 500.

Yanzu tambayar ita ce, yaya aka gyara? An yi wa kwamfuta miliyan 8.5 fomatin? Ko alama. Ma'aikata ne suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, su tashi kwamfutar ta wata hanya ta musamman da ake kira "Safe Mode", wadda ke buɗe Windows da 'yan abubuwan da suka zama dole kawai, su shiga jakar CrowdStrike su goge fayil guda wanda sunansa ya fara da C-00000291, su sake kunnawa. Shi ke nan. Fayil guda. Da a ce irin shawarar da aka ba ni aka ba bankuna da filayen jiragen sama a ranar, da har yanzu ana makoki.

Akwai wani darasi a cikin labarin nan da ya ba ni dariya, domin Baba ya riga su saninsa. Ɗaya daga cikin manyan kurakuran kamfanin shi ne ya tura wa kowa sabuntawar a lokaci guda, kuma bayan abin ya faru ya yi alƙawarin zai riƙa turawa kaɗan-kaɗan yana duba sakamako. Duk shekarar da aka kawo sabon irin gero ko na wake aka ce ya fi yabanya, Baba ba ya ƙi, ba ya kuma shuke gonar duka da shi. Sai ya ware 'yan kunyoyi a gefe ya gwada, sauran ya sa wanda ya sani. Kuma ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa damin iri. Mutumin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana aiki da ƙa'idar da injiniyoyin Amurka suka manta da ita ranar nan.

Na san abin da wani zai ce: "To ai sai in daina sabuntawar gaba ɗaya, in zauna lafiya." Da yawa cikinmu haka suke yi, wasu saboda tsoro, wasu saboda tsadar data. Ban goyi bayan wannan ba. Yawancin sabuntawa toshe ɓaraka ce da aka gano ɓarayin intanet na iya shigowa ta cikinta. A ranar 12 ga Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa, har da na asibitocin Ingila. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin harin. Galibin waɗanda abin ya ci, ba su girka shi ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka ƙin sabuntawa gudun ruwa ne a faɗa rijiya. Abin yi shi ne ka sabunta da shiri.

Kuma maganar nan za ta ƙara shafarmu nan gaba. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da tsofaffin laftof da yawa irin waɗanda muke iya saya ba su cika ba. Ke nan ɗalibai da dama ko dai su ci gaba da zama a gidan da aka daina yi wa yaɓe, ko su koma Linux irin Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ba su da nauyi. Idan mai gyaran unguwarku bai san komai a kan Linux ba sai "a cire ta", ka ga dole kai ka san wani abu.

Ba na so a ce na zo cin mutuncin masu gyara. Akwai gwanaye a garin nan, na ga yaron da ya ɗaga ƙaramin ƙarfe kamar ƙwayar gero daga allon laftof ya dasa wani, ta tashi. Kuma idan ka duba ta ɓangarensu za ka gane dalili. Fomatin aiki ne sananne, lokacinsa sananne, kuɗinsa sananne. Binciken musabbabin matsala kuwa yana iya cin rabin yini, kuma idan mai gyara ya gano abin ya danna maɓalli biyu ta tashi, mu ne dai za mu ce, "Haba oga, ɗan wannan abin za ka karɓi kuɗi?" Mun saba biyan gumi, ba mu saba biyan sani ba. Ga shi kuma muna zuwa a gigice muna cewa yau-yau muke so. Mu muka koya musu gajeriyar hanya. Roƙona gare su ɗaya ne: kafin ka goge wa mutum ma'ajiya, ka gaya masa gaskiya cewa ana iya kwashe kayansa tukuna, ka faɗi kuɗin aikin, shi ya zaɓa.

To idan abin ya same ka, me za ka yi? Ga abin da na koya, kuma na gwada wasu da hannuna a kan kwamfutocin abokai tun bayan nan.

Da farko, ka nutsu. Ka ɗauki hoton allon da wayarka. Rubutun nan da ke ba ka tsoro, kwamfutar ce ke gaya maka inda ke mata ciwo. Ka rubuta shi yadda yake a Google, da wuya ka zama na farko da abin ya sama. Ka kuma tambayi kanka, me na yi na ƙarshe kafin ta mutu? Idan amsar ita ce sabuntawa, to akwai kyakkyawan zato cewa kayanka lafiya lau suke.

Idan Ubuntu ce ko Linux Mint, ka kunna kana riƙe da Shift, in bai yi ba ka sake kunnawa kana taɓa Esc, har jerin nan da ake kira GRUB ya fito. Ka shiga "Advanced options", ka zaɓi tsohon kanel. Da ta buɗe, kada ka tsaya murna, fara kwashe muhimman kayanka zuwa filashi. Bayan nan, idan yankewar wuta ce ta katse sabuntawar kamar tawa, ka buɗe tagar rubuta umarni ka sa sudo dpkg --configure -a domin ta ƙarasa aikin da ta bari, sannan sudo update-grub. Ni dai da wannan tawa ta warke. Idan kuma sabon kanel ɗin ne bai jitu da wani ƙarfe na na'urarka ba, kamar katin hoto ko na wayales, sai ka ci gaba da amfani da tsohon har gyara ya fito.

Idan Windows ce, ita ma tana da ƙofar baya. Idan ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, takan buɗe shafin gyara da kanta. Ka shiga "Troubleshoot", sannan "Advanced options". A nan za ka ga "Uninstall Updates", wanda ke cire sabuntawar ƙarshe, da "System Restore", da kuma hanyar shiga "Safe Mode". Amma ka kula, akwai "Reset this PC" a kusa, kuma ɗaya daga cikin zaɓinsa yana share komai. Ka karanta kafin ka danna. Sannan idan an kulle ma'ajiyarka da BitLocker, za a nemi wata lamba mai alƙaluma 48. Galibi tana cikin asusunka na Microsoft. Ka nemo ta tun yau ka rubuta a takarda, ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan duk wannan bai yi ba, har yanzu da sauran dabara. Ana iya sa Ubuntu a kan filashi, a tashi kwamfutar daga filashin ba tare da an girka komai ba, a buɗe ma'ajiyar a kwashe kaya, ko da Windows ce a ciki, muddin ba a kulle take ba. Ana kuma iya ciro ma'ajiyar a jona ta da wata kwamfutar. Duk mai gyara na ƙwarai ya iya wannan. Sai bayan kayanka sun fita, ka buɗe su a wani wuri ka tabbatar da idonka, sannan a yi maganar fomatin. In kuwa an riga an yi, ka daina sa sabbin abubuwa a ciki, domin akwai manhajoji irin su PhotoRec da kan tono wasu fayilolin matuƙar ba a rubuta wani abu a kansu ba. Sa'a ce dai, ba tabbas ba.

Gaskiya ita ce akwai ranar da ma'ajiyar kanta ke mutuwa, ko a sace jakar a cikin adaidaita, ko ruwan sama ya shiga ɗaki. Ranar nan babu Esc ɗin da zai cece ka. Shi ya sa maganin asali shi ne kwafi. Masana suna cewa duk abin da ke da muhimmanci ya zama yana wuri uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma ba a gida ɗaya da sauran ba. A wajen ɗalibi wannan ba wani abu ba ne mai wuya: ɗaya a laftof, ɗaya a filashi, ɗaya a intanet. Google na bai wa duk mai Gmail wurin ajiya na gigabait 15 kyauta. Kundinka gaba ɗaya bai kai nauyin bidiyon barkwanci guda da kake kallo a TikTok ba. Duk daren da ka yi rubutu, tura wa kanka ta imel. Datar da za ta ci ba ta kai ta gaisuwar safe a WhatsApp ba.

Sai kuma ladubban sabuntawa, musamman gare mu da wuta ke zuwa kamar baƙo. Kada ka fara idan batirinka matacce ne kuma ba ka da tabbacin wutar. Ka bari sai ka je inda ake da sola ko janareta. Kada ka yi ana saura kwana biyu ka miƙa aiki ko ka kare kundi, ka jinkirta har ka fita daga hidimar. Ka yi kwafi kafin ka danna. Masu Linux Mint kuma akwai Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton yadda manhajar take don a iya komawa baya, amma ka sani ba a yi ta don ajiye takardunka ba, wannan aikinka ne.

Akwai masu cewa, "Ni aikin jarida nake karanta, ba kwamfuta ba." Ni ma haka nake cewa da. Amma ka tuna, manomi ba maƙeri ba ne, duk da haka idan ƙotar fartanya ta kwance ba ya tafiya maƙera, zama yake a gindin bishiya ya ɗaure abarsa. Laftof da waya su ne fartanyarmu. Kuma mu 'yan jarida akwai wani nauyi a kanmu da ya wuce na sauran. Gobe za ka yi hira da wanda ya ce kada a ambaci sunansa. Wata za ta ba ka labarin abin da aka yi mata bisa amana. Idan duk lokacin da allo ya yi baƙi sai ka miƙa na'urar da lambar sirrinta ga wanda ba ka sani ba, ka tafi ka dawo gobe, ina amanar take? A aji ana koya mana kare majiya, amma a aikace kare majiya ya haɗa da sanin inda fayil ɗinka yake da wanda zai iya buɗe shi.

Kada kuma ka ce abin ya fi ƙarfinka. Linus Torvalds, wanda ya fara rubuta kanel ɗin Linux a 1991, ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, yana da shekara 21, wato sa'anmu. Abin da ya fara a matsayin sha'awa, yau shi ne a cikin kowace wayar Android da ke kasuwar Farm Centre. Ubuntu kuma, wadda ta fara fitowa a Oktoban 2004, ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya assasa ta, sunanta ma kalmar Afirka ce mai nufin mutuntaka. Ba na cewa kowa ya zama injiniya. Cewa nake, riƙe Shift da karanta abin da ke allo bai fi ƙarfin wanda ya ci jarrabawar JAMB ba.

Ina da shawara ga ƙungiyoyin ɗalibai na sassanmu. Maimakon duk kuɗin shekara ya tafi a liyafar cin abinci da kambun girmamawa, a ware Asabar ɗaya a farkon zango, a gayyato 'yan sashen kwamfuta, kowa ya zo da laftof da filashi. A koya wa mutane yin kwafi, shiga shafin gyara, da haɗa filashin ceto. Awa uku ta isa. Mu kuma masu koyon aikin rediyo da bidiyo, me zai hana mu mayar da wannan bayani cikin Hausa? Da na shiga neman mafita a ranar nan, duk abin da na samu da Turanci yake. Ƙanwata da ke sakandare da mai shagon buga takardu na bakin titinmu, su ma suna da haƙƙin su fahimta da harshensu.

Da na koma gida ranar na ba Baba labari, ban yi zaton zai gane ba. Ya saurara har na gama, sai ya ce, "Wato duk maganganun mutanen nan a wuri guda ka zuba su?" Na ce e. Ya girgiza kai ya ce, "Da gero ne da ka sha faɗa." Washegari da kansa ya ba ni kuɗin filashi. Muryar dattijon nan kuma na juye ta a waya na kai wa iyalansa, babban ɗansa ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ce in tura masa.

Kai da ke karanta wannan, na san akwai wani abu a na'urarka da ba shi da kwafi a ko'ina. Ka san shi, yanzu haka ya faɗo maka a rai. Kafin ka kwanta yau, tura shi wani wuri. Ranar da allo ya yi baƙi kuma aka ce maka sai fomatin, ka ce, "To na ji, amma a fara fito min da kayana."

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.